Warin baki: harshe ne, ciki ne, ko saƙon wata cuta?

Da zarar zafin bazara ya kankama a Yamai, ko watan azumi ya matso, sai tallar maganin warin baki ta cika gari. Mai lasifika a bakin kasuwa yana cewa dattin ciki ne, a sha garinsa kwana bakwai a wanke hanji. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ya ce gyambon ciki ne, wani kuma ya ce basir ne ya hau sama. A farmasi ana miƙa wa mutum kwalbar ruwan kurkure baki. Dattijo a ƙofar masallaci ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, a riƙe asuwaki. Likitan haƙori kuwa, in an kai gare shi, abin da zai fara cewa shi ne: "Malam, fito da harshe mu gani." Wanda abin ya dama sai ya rasa na kamawa, ga shi kuma magana ce da ba a tambayarta a fada gaban abokai.

Kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, sai dai yankunan ba girmansu ɗaya ba. Akwai mai riƙe da cinya, akwai mai riƙe da ƙofato.

Me ke warin tukuna?

Likitoci sun kasa abin gida uku. Akwai warin da ke zuwa ya wuce, irin na tashi daga barci ko na bayan cin albasa. Akwai wanda ya zauna, a goge baki da safe, kafin hantsi ya dawo. Akwai kuma na zato, inda mutum ya haƙiƙance bakinsa na wari alhali na kusa da shi ba sa jin komai. Na biyun ne ake kira cuta, shi ne kuma masu talla ke farauta.

Bakin kowane mutum, komai tsaftarsa, mazauni ne na ƙwayoyin bakteriya iri-iri har ɗaruruwa. Yawancinsu ba sa cutar da kowa. Cikinsu akwai waɗanda ba sa shiri da iska, don haka suke neman lungun da iska ba ta kaiwa su laɓe. Abincinsu guntun nama ne da ya maƙale, da sauran madara ko nono, da matacciyar fatar cikin baki da ke saɓulewa kullum, da majinar da ke gangarowa daga hanci ta baya, da jini in dasashi na zubarwa. In sun ci sun narkar, sai su saki iska mai ɗauke da sinadarin farar wuta. Ɗaya daga cikin iskokin nan ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wata kuma warinta kamar na kabejin da ya kwana biyu a rana. Wani masani a wata jami'a da ke birnin Vankuba na ƙasar Kanada, Joseph Tonzetich, shi ne ya auna iskar bakin mutane da na'ura a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa waɗannan iskokin ne tushen warin. Daga nan aka daina lalube cikin duhu: an san mai yin warin, an san abincinsa, saura a san maɓoyarsa.

Can ƙuryar harshe

Harshe ba sumul yake ba. Samansa cike yake da ƙananan tsiro da tsaga, kamar tawul. Gaban harshe yana gogar ganda da haƙora duk lokacin da aka yi magana ko tauna, don haka yana wanke kansa. Can baya kusa da maƙogwaro babu abin da ke gogarsa, nan ne fari-farin nan ko rawaya-rawayan ke taruwa.

Ana iya gwadawa a ɗaka. A ɗauki ƙaramin cokalin shayi, a kifa shi, a kai shi can baya a karto a hankali. Abin da zai fito wani kauri ne mai kama da kindirmon da ya fara tsinkewa. A bar shi ya sha iska kaɗan sannan a shinshina. Abin da hanci ya ji, kusan shi ne abin da maƙwabcin sahu ke ji a masallaci. Hura iska a tafin hannu ba ya nuna komai, don hanci ya riga ya saba da warin mai shi. Laifi tudu ne, in ji masu magana.

A wani asibitin da ya keɓe sashe don wannan matsala a garin Luben na Beljiyam, an bi bayanan mutum 2,000 da suka kawo kukan warin baki, aka fitar da sakamakon a 2009. Kashi 76 cikin 100 a cikin bakin aka samu dalilin. Dattin harshe shi kaɗai ya ɗauki kashi 43, ciwon dasashi kashi 11, haɗuwar biyun kashi 18. Waɗanda aka samu dalilinsu a hanci, maƙogwaro ko wani sashen jiki ba su wuce kashi 4 ba. Mutanen Turai ne aka auna, abincinsu da yanayinsu daban da namu, amma harshe da dasashi ginin ɗaya ne a Luben da Tawa.

Na dasashi ya fi wuyar sha'ani. Dattin da ba a goge ba yakan daskare a gindin haƙori ya zama kamar dutse, ba asuwakin da zai cire shi, ba buroshi. Dasashi sai ya kumbura, ya soma janyewa daga haƙori, rami ya buɗe a tsakani, ramin ya zama rumbun waɗancan ƙwayoyin. Alamar farko ita ce jan da ake gani a bakin asuwaki ko a kumfar da aka tofar. Da yawa sukan ce "na danna da ƙarfi ne", wasu ma su daina goge wurin don kada ya ƙara jini, alhali barin ne ke ƙara shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1 ke fama da ciwon dasashi mai tsanani. Kogon haƙori ma yana riƙe abinci ya ruɓe a ciki, haka haƙorin roba da ake kwana da shi, haka haƙorin Makka in bai zauna daram ba, abinci na shiga ta ƙarƙashinsa.

To ina batun ciki?

Masu cewa daga ciki ne suna da hujjar da ake gani: mutum ya yi gyatsa a ji warin abin da ya ci, mai yunwa bakinsa na wari, mai ƙwannafi kuma yana jin tsami na taso masa har wuya. Likitoci ba su musa ko ɗaya ba. Abin da suke cewa shi ne, maƙoshin da abinci ke bi a rufe yake, a matse, ba ya buɗewa sai lokacin haɗiya, gyatsa ko amai. Numfashi daga huhu yake fitowa, ba ya bi ta tumbi. Warin yunwa kuwa yana da nasa dalilin da za a zo gare shi.

Inda masana suka rabu shi ne kan ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki, Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980 har ta ba su kyautar Nobel a 2005. Wasu bincike sun ga warin ya ragu bayan an kashe ta. Masu ja da wannan suna cewa magungunan da ake kashe ta da su suna kashe ƙwayoyin harshe ma a lokaci guda, don haka ba a san wanne aka yi wa magani ba. Mai ciwon ciki na gaske, mai zafin ƙirji da yawan tasowar tsami, ya cancanci a duba shi don ciwon kansa. Amma wanda cikinsa lafiya lau, ya kama shan maganin wankin ciki saboda wari kawai, ya bar jaki yana dukan taiki. Zawon da garin zai sa shi ma ƙara busar da jiki zai yi, bushewa kuwa ita ce babbar ƙawar wari.

Miyau, zafi da azumi

Jikin babba yana yin miyau tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Shi ne ke wanke baki ba dare ba rana, yana kwashe guntayen abinci, yana narkar da iskar warin kafin ta fita. Cikin barci yakan ja baya sosai, shi ya sa kowa ke tashi da nauyin baki, sarki da talaka.

A nan ne yanayinmu ke shigowa. A watannin Afrilu da Mayu, zafin Yamai da Tawa yakan haura digiri 40, mai kabu-kabu ko mai tura amalanke ya wuni yana gumi, ruwan da ya sha bai kai wanda ya fita ba. Da hunturu kuma ƙura ta toshe hanci, mutum ya kwana yana numfashi ta baki, ya tashi harshe kamar busasshiyar fata. Sigari da shisha suna busar da baki, suna kuma lalata dasashi a ɓoye, don taba na rage zubar jinin da zai tona ciwon. Wasu magungunan mura, na hawan jini da na damuwa su ma suna rage miyau. Shayin fada, kofi na ɗaya har na uku, ruwansa bai taka kara ya karya ba, sukarinsa kuwa haƙora ne ke biyan kuɗinsa. Goro yana motsa miyau lokacin tauna, amma dusarsa na maƙalewa a tsakanin haƙora.

Mai azumi abu biyu ne suka haɗu masa. Babu tauna, babu sha, miyau ya ragu. Sannan in yini ya yi nisa jiki yakan koma ƙona kitse, wannan kuma yana sakin wasu sinadarai da ke fita ta numfashi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce warin bakin mai azumi ya fi ƙamshin almiski a wurin Allah, kuma a kansa malamai suka yi saɓani game da asuwaki. Shafi'awa sun karhanta shi bayan rana ta karkata, don kada a gusar da abin da aka yaba. Malikawa, waɗanda su ne mafi yawa a Nijar, sun halatta shi yini duka, suna cewa hadisin yabon azumi ne, ba umarnin barin datti ba. Abin da suka ƙyamata shi ne ɗanyen icce, don gudun wani abu ya wuce maƙogwaro. Ta fuskar likita, abin da ya fi tasiri shi ne abin da aka yi bayan sahur: a sakace, a goge haƙora, a kankare harshe, a kuma sha ruwa isasshe tsakanin buɗa-baki da asuba maimakon a ɗura shi gaba ɗaya dab da kiran salla.

Albasa da tafarnuwa nasu daban ne. Wanda ya ci dambu ko tsire da ɗanyar albasar Galmi zai goge baki sau uku warin na nan, domin sinadarin ya riga ya shiga jini yana fitowa ta huhu. Na tafarnuwa yakan kai yini guda. Babu magani sai lokaci, kuma ba cuta ba ce.

Asuwaki ko buroshi?

Gardamar ta fi zafi a baki fiye da a bincike. Itacen araki, wanda aka fi sani da asuwakin Makka, yana da sinadaran da ke hana ƙwayoyin baki yaɗuwa, gwaje-gwaje da dama kuma sun nuna cewa in an iya riƙe shi yana cire dattin haƙori kusan kamar buroshi. Reshen bedi ma ana amfani da shi tun da daɗewa. Ga arha, ga shi a aljihu, ga mai salla biyar yana da lokuta biyar na tunawa da shi. Rauninsa shi ne tsayuwar gashinsa: yana fuskantar gaba, don haka bayan haƙora da turamen can ciki suna yi masa wuyar kaiwa. Da yawa kuma tauna shi kawai suke yi suna hira, haƙoran gaba su yi fari tas, na ciki su tara.

Buroshi yana kaiwa lungu, man goge baki mai sinadarin fuloraid kuma yana kare haƙori daga kogo, abin da icce ba ya yi sosai. Amma buroshin da ya shekara ya baje kamar tsohuwar tsintsiya, ko gogar daƙiƙa ashirin a tsaye bakin ƙofa, ba su fi asuwaki ba. Shawarar likitocin haƙori ita ce sau biyu a yini, minti biyu kowane karo, na daren ya fi muhimmanci. Babu abin da ya hana a haɗa biyun.

Abin da ɓangarorin biyu ke mantawa shi ne harshe da tsakanin haƙora, wato daidai inda warin yake. Kankare harshe sau ɗaya a yini ya isa, daga baya zuwa gaba, da ɗan abin kankara na farmasi, da buroshi ko da gefen cokali, ba tare da an ji ciwo ba. Yunƙurin amai da ake ji a kwanakin farko yana raguwa in an saba. Zaren sakace yana fitar da abin da tsinke ba ya kaiwa. Duk wanda ya ci kilishi ya sa zare washegari ya shinshina, ba ya bukatar ƙarin bayani. Masu dirza gawayi, toka ko kanwa suna samun hasken haƙori na ɗan lokaci, amma kaushinsu na cinye fatar haƙorin, ita kuwa ba ta tsirowa.

Kwalba, ƙwaya da alewa

Ruwan kurkure baki yana da tarihin da ya kamata mai saye ya sani. An haɗa Listerine, ɗaya daga cikin irin waɗannan ruwan, a Amurka a 1879 a matsayin maganin kashe ƙwayoyi wurin tiyata. A shekarun 1920 ne masu kamfanin suka ɗauko sunan likitanci na warin baki suka cika jaridu da tallar ƴan matan da suka rasa miji saboda shi, ciniki ya bunƙasa. Tsoron da mai lasifika ke sayarwa yau ba sabo ba ne.

Wannan bai sa duk kwalba ta zama yaudara ba. Masu ɗauke da sinadarin kulohekzidin suna kashe ƙwayoyi da gaske, likita kan rubuta su na mako ɗaya ko biyu bayan aikin dasashi. In aka zarce suna rina haƙora da harshe, suna dushe ɗanɗano. Masu sinadarin zinki suna kama iskar farar wutar su hana ta tashi na wasu sa'o'i. Masu ƙamshin na'a-na'a kawai kuwa turare ne a kan rigar da ba a wanke ba. A 2019 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 44 da aka yi kan mutum 1,809, ta ce hujjar da ake da ita ba ta yi ƙarfin da za a ce ga hanya guda da ta fi sauran ba. Duk wanda ya yi alkawarin warkewa har abada cikin kwana uku ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba.

Kanumfari da citta da ake taunawa suna rufe wari, suna kuma jawo miyau, ba su da laifi. Cingam marar sukari ma haka. Minti mai sukari yana ba da hutun ƴan mintoci, ya bar wa ƙwayoyin kogo abinci.

Mafi haɗari ita ce ƙwayar metronidazol, wadda aka fi sani da Flagyl, da ake samu a farantin masu yawo da magani. Tana kashe ƙwayoyin da ba sa son iska, don haka warin kan ɗauke cikin kwana biyu, mutum ya ce ya dace. Ya daina, harshe ya sake tarawa, wari ya dawo, ya sake saye. A haka ƙwayoyin jikinsa ke koyon jure maganin, ranar da za a bukace shi don ciwo na gaske ya ƙi ci. Mai dutsen dasashi kuwa, kuɗin da ya zuba a kwalabe da ƙwayoyi cikin shekara da ya kai su wurin likita an kankare masa, da ya ga bambanci. Matsalar ita ce likitocin haƙori kaɗan ne a Nijar, akasarinsu kuma a Yamai suke. Mutumin Keita, Buza ko Abalak sai ya haɗa da kuɗin mota da asarar yini, shi ya sa mai faranti ke riga likita.

Lokacin da warin ɗan aike ne

In an yi mako biyu zuwa uku ana kula da harshe, haƙora da shan ruwa, warin bai motsa ba, sai a duba gaba. Majina mai kauri da ciwon fuska na nuna kogunan hanci. Wasu kan tofo ƴan fararen ƙulalai masu ɗoyi, kamar tsakin gero, waɗanda ke taruwa a ramukan ƴan wuya. Tari mai daɗewa da kaki mai wari na huhu ne. Numfashi mai warin fitsari yana iya zama ƙoda ta gaza, mai wani zaƙi-zaƙi da gafi kuma hanta. Mai ciwon sukari da numfashinsa ya koma kamar ƴaƴan itacen da suka nuna suka wuce, ga ƙishirwa, ga amai, ga magagi, asibiti za a nufa da shi a daren, ba a jiran safiya.

Akwai kuma kishiyar wannan. A binciken Luben ɗin nan, kashi 16 cikin 100 na waɗanda suka zo ba a samu wari a bakinsu ba. Irin su ne ke magana hannu a baki, wani ya sosa hanci su ce da su yake, su bar zuwa fada, mace ta takure a ɗakin mijinta. Na'ura ba ta cika gamsar da su ba, wani lokaci sai an haɗa da likitan damuwa. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne mutum ɗaya amintacce: "Yaya, don Allah ki gaya mini gaskiya, kina jin wani abu in ina magana?" A maimaita tambayar a lokuta daban-daban na yini, don amsar safe ba ta azahar ba ce.

Bakin yaro

Yaro ƙarami da hancinsa ɗaya ke zubar da majina mai ɗoyi, a fara zargin ya cusa wani abu: ƙwayar gujiya, dutsen ado, guntun soso. Kada a sa tsinke a tono, ma'aikacin lafiya ne zai cire.

Wanda ba ya jira shi ne ciwon zaizayar baki, wanda likitoci ke kira noma. Yana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 galibi, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Farkonsa ba ya ban tsoro: dasashi ya yi ja yana jini, baki ya ɗauki wari mai ƙarfi irin na ruɓa, yaro na dalalar miyau yana ƙin abinci. Sai kumatu ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki naman ya yi baƙi ya huje, kuma in ba a yi magani ba har 9 cikin 10 na iya rasuwa. A matakin wari da jinin dasashi, maganin kashe ƙwayoyi da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi, abin da asibitin karkara ma zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023, bisa bukatar da Najeriya ta jagoranta. A Damagaram ƙungiyar agaji ta Sentinelles na kula da masu ciwon tun shekarun 1990, a Sakkwato kuma akwai asibitin da aka buɗe dominsa a 1999. A dokar Nijar, tun 2006 duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitin gwamnati. Uwar da ta ji irin wannan warin a bakin ɗanta mai rama, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi a cikin haske. In ta ga jini ko gyambo, ranar za ta kai shi, ba ranar kasuwa mai zuwa ba.